Yadda ake aura wa roba sinadari da hasken gama don ta kama iskar kabon

Mene ne ainihin aikin?

Wanda ya san mangwaro ɗan aure ya gane rabin maganar: reshe mai amfani ake dasawa a jikin gindi mai ƙarfi. A nan gindin zaren roba ne, irin foliyetilin da folifurofilin da ake yin leda da buhu da su. Suna da arha da juriya, amma ba ruwansu da iskar kabon dayoksaid. Sai a haska zaren da hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani wanda ke fitowa daga ƙarfen kobalt-60, ko da injin harba ilektiron. Hasken yana tsinka wasu ɗaurin da ke riƙe da haidurojin a jikin robar, ya bar gurabe masu neman abin kamawa. Da an tsoma zaren cikin sinadarin da ake kira GMA, sai ya cafke guraben ya yi ta tsawo. A jikin waɗannan rassa ake ɗaure sinadarin amin, wanda shi ne mai kama iskar.

Ai da ma ana amfani da amin. Me ya kawo wannan wahala?

Ana yi, tun 1930 ma. Masana'antu suna ratsa hayaƙi ta cikin ruwan amin, kuma tashar wutar kwal ta Boundary Dam a Kanada tana kama iskarta da irin wannan hanya tun 2014. Matsalar ita ce haɗin da aka saba da shi, na wani nau'in amin da ake kira MEA, kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Kafin ya saki iskar da ya kama sai an dafa shi zuwa wajen digiri 120, wato makamashi mai yawa yana tafiya a ɗumama ruwa kawai. Ga cin ƙarfen bututu, ga amin ɗin yana bin iska yana raguwa.

A ganina nan ne darajar zaren take. Babu tulin ruwan da za a dafa, amin ɗin a ɗaure yake ba shafa shi aka yi ba, iska kuma tana wucewa ta ƙofofin yadin da aka yi da zaren ba tare da an matsa ta da ƙarfi ba. Danshi ma taimako yake yi: a bushe amin biyu ne ke riƙe ƙwayar iskar ɗaya, da danshi kuwa ɗaya na iya riƙe ɗaya.

Yadin ba zai riƙa fitar da guba irin ta nukiliya ba?

A'a. Ƙarfin hasken kobalt-60 bai kai ya mayar da roba mai fitar da irin wannan haske da kanta ba. Da shi ake kashe ƙwayoyin cuta a sirinji da safar hannun likitoci, kuma akwai cibiyar haska kaya da hasken gama a Sheda, kusa da Abuja.

An taɓa gwada fasahar a wani abu?

Sosai. Adolphe Chapiro a Faransa ya yi aiki a kanta tun shekarun 1950. Cibiyar Takasaki ta Japan ta yi da ita yadin da ke tsamo yuraniyom daga ruwan teku, har aka gwada shi a cikin tekun. Masu bincike a Malesiya na cikin waɗanda suka karkata ta zuwa kama iskar kabon.

To me ya hana a gan ta a bakin kowace masana'anta?

Matsala biyu ce: daɗewar yadin, da yawan iskar da za a tace. Iskar oksijin da zafi suna lalata amin a hankali, gurɓataccen hayaƙi mai salfa kuma yana toshe shi ya ƙi saki. Abin da ya yi kyau a ɗan ƙyalle cikin ɗakin gwaji dole ya jure kamawa da saki sau dubbai kafin mai masana'anta ya zuba kuɗinsa. Hayaƙin kwal ma da sauƙi, tunda iskar takan kai kashi 12 zuwa 15 cikin 100 a cikinsa. A sararin da muke shaƙa kuwa ba ta wuce kashi 0.04 da ɗan ɗoriya ba, don haka sai an tura iska mai ɗimbin yawa ta cikin yadin kafin a tara tan guda, kuma fankokin da ke turawar su ma wuta suke sha.