Waiwaye: yadda radiyeshan ke cin idon silikon a CERN

Ɗaliban fiziks na jami'o'in Marwa da Ngaundere sun fi sanin silikon a jikin faifan sola da ke kan rufin gidaje. Shi ne kuma idon manyan injunan binciken ƙwayar zarra a cibiyar CERN kusa da Janiba, sai dai wuyar da yake sha a can ta daban ce.

A 1980 masanin fiziks Josef Kemmer ya nuna yadda za a ƙera na'urar gano ƙwayoyi da silikon, da irin dabarar da ake yin kayan cikin kwamfuta. Ba a jima ba gwajin NA11 na CERN ya ɗauke ta. In ƙwaya mai caji ta ratsa siririn faifan, sai ta bar ɗan lantarki a bayanta, da shi ake gane hanyar da ta bi. A zamanin LEP, injin gwara ƙwayoyi na CERN daga 1989 zuwa 2000, ba a sha wahala sosai ba, don karon elektron da fositron ba ya zubo radiyeshan, wato tarkacen ƙwayoyi masu ƙarfi, mai yawa.

Shirin injin LHC, wanda ya gaji LEP, shi ne ya tayar da hankali. A nan furoton ke karo da furoton, tarkacen da ke fitowa kuma yana tumɓuke zarrar silikon daga mazauninta. Ɓarnar kan taru sannu a hankali: lantarki ya riƙa yoyo, cajin da ake son karantawa ya maƙale a hanya, silikon nau'in n (mai rarar elektron) ya koma yin halin nau'in p (mai ƙarancin elektron), sai an ƙara masa ƙarfin wuta kafin ya gani. Zafi kuma ya ƙara dagula lamarin. Yoyon kan ninka duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 7 ko 8, yoyon kansa kuma zafi yake haifarwa. Wanda ya ga yadda sola ke rage ƙarfi a zafin Afrilu na Garwa ba zai yi mamaki ba. Shi ya sa ake riƙe na'urorin a ƙasa da digiri sifili, har lokacin hutun inji ma ba a barinsu su daɗe a ɗumi, don wata ɓarnar a ɗumi take girma.

A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar masu bincike ta CERN mai suna RD48 ta gano cewa silikon mai wadatar iskar oksijin ya fi jure dukan furoton, amma a gaban niyutron dabarar ba ta yi wani tasiri ba. Wata ƙungiyar, RD50, ta ci gaba da aikin daga 2002. Shawarar masanin fiziks Sherwood Parker ta 1997, wato a huda faifan a dasa sandunan lantarki a cikinsa domin caji ya yi gajeriyar tafiya, sai a 2014 ta shiga ATLAS, ɗaya daga cikin manyan na'urorin gano ƙwayoyi na LHC.

A ganina ba a magance ɓarnar ba, lissafin ranar gajiyar na'ura aka iya. CMS, takwaran ATLAS a LHC, ya sauya idonsa na can ciki a 2017. Kafin LHC mai ƙarin ƙarfi ya soma aiki wajen 2030, ATLAS da CMS za su cire na'urorin bin sawunsu gaba ɗaya, su sa sababbi na silikon nau'in p, wanda ya fi jure radiyeshan.