Waiwaye: Yadda Marubutan Rasha da na Amurka Suka Sha daga Rijiyar Juna

Tun kafin siyasa ta raba Rasha da Amurka gida biyu, marubutan ƙagaggun labarai na ƙasashen suna karanta juna. A shekarar 1861, wadda a cikinta aka 'yanta manoman Rasha daga ƙangin iyayengijinsu, marubucin Rasha Dostoyevsky ya buga gajerun labarai uku na Ba'amurke Edgar Allan Poe a mujallarsa ta Vremya, tare da gabatarwar da ya rubuta da hannunsa. Shekara shida bayan haka Ba'amurke Eugene Schuyler ya fitar da fassarar littafin Turgenev, wani marubucin Rasha, kan saɓanin iyaye da 'ya'ya a birnin New York, kuma a 1875 marubucin Amurka Henry James ya haɗu da Turgenev a Paris, ya riƙe shi tamkar malami.

Sai dai a ganina, wadda ta fi cancantar yabo a wannan tarihi ita ce Constance Garnett, Baturiyar Ingila da ta fassara littattafan Rasha kusan 70, tana yi har idanunta suka raunana, ya zamana sai an karanta mata tana faɗin fassarar. Ta bakinta Amurkawa da yawa suka fara jin Chekhov da Dostoyevsky. Hemingway, yana saurayi marar abin hannu a Paris, yakan je kantin littattafai na Sylvia Beach ya ari littattafan Turgenev ya tafi da su ɗakinsa. Ralph Ellison kuwa, da ya zo bayyana halin baƙar fatar Amurka a 1952, sai ya zaunar da jaruminsa a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa yana ba da labarin kansa, kuma bai ɓoye cewa ya amfana da Dostoyevsky ba.

Daga baya ruwan ya juya. A shekarun 1960, duk da yaƙin cacar baka, hoton Hemingway da gemunsa da rigar sanyinsa ya cika bangon gidajen matasan Tarayyar Sobiyet, kuma wata mace ce, Rita Rait-Kovaleva, ta fassara musu marubutan Amurka Salinger da Vonnegut cikin Rashanci mai rai, irin wanda ba su saba gani a littattafan da hukuma ta amince da su ba.

Labari na ƙarshe da marubucin Amurka Raymond Carver ya buga, a 1987, kan daren rasuwar Chekhov ne a garin Badenweiler na Jamus a 1904, inda likita, da ya ga babu sauran magani, ya aika a kawo kwalbar giyar shamfen.