Noma ba ciwon daji ba ne

Tun Disambar 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma, ciwon da ke cinye baki da fuskar yara, cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan, kalmar ta cika rediyo. Kowa ya gane ba noman gero ake nufi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu shirye-shiryen da ke kiransa "ciwon dajin baki". Uwa a ƙauyukan Jahun ko Gwaram a Jigawa, da ta ji an ce daji sai ta sallama. In kuma an ce mata iska ce, gidan mai magani za a nufa, a dawo da turare.

Kalmar daga harshen Girka take, kuma asalin ma'anarta kiwo: yadda garke ke cinye ciyawa yana yin gaba. Haka ciwon yake tafiya. Dasashi ne ke fara kumbura, ana taɓawa sai jini, bakin yaro ya riƙa wari, yawu na dalala, ya ƙi tuwo. Cikin 'yan kwanaki kunci ya tashi, baƙin tabo ya fito, nama ya ruɓe har ƙashi. A ƙiyasin hukumar, in babu magani, tara cikin goma ba sa kai labari.

Masu kiwon kuwa ba baƙi ba ne. Bakteriya ne irin waɗanda ke zaune a bakin mutane dama, don haka ware yaro daga 'yan'uwansa ba shi da amfani, ba a ɗauka. Suna samun ƙofa ne idan tamowa ta karya garkuwar jiki, galibi bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, a yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Shi ya sa jami'in da ya tsaya kan "a riƙa yi wa yara asuwaki" ya faɗi rabin magana ne. Asuwaki da kurkure baki da ruwan gishiri suna taimakawa, amma ba su isa ga yaron da aka yaye, yake wuni kan tsinkakken kunu a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa ba.

Tun ciwon yana dasashi, magunguna irin amoxicillin da metronidazole, haɗe da abinci mai gina jiki, suna tsayar da shi a asibitin karkara. In ya ci fuska, sai tiyata a wuri irin asibitin noma na yara da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma daga Jigawa kuɗin motar kaɗai ya isa ya hana tafiya.