Allurar barci ta tiyata da tsatsar jiki

Tsatsar jiki ita ce ɓarnar da wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu zafi ke yi ma ƙwayoyin halitta in suka fi ƙarfin masu gadinsu. Abin da ke samun man gyaɗa ne in ya daɗe a buɗe ya sake wari, haka kitsen da ke bangon ƙwayar halitta ke lalacewa. Masu gadin su ne gulutatayon, katalas, SOD, sai bitamin C da E. Mutumen da aka sa ma barci aka yi mai aiki, ana yawan samun alamar ɓarnar nan a jininshi, musamman wani sinadari da ake kira MDA.

Tarihi

Ran 16 ga Oktoba 1846 William Morton ya shaƙa ma wani majinyaci maganin barci da ake kira ita (ether) a Boston ta Amurka aka cire mai ƙari a wuya bai ji ba, shekara guda bayan haka James Simpson ya fito da kulorofom a Edinbara. Halotan ya shigo ɗakin fiɗa a 1956, ketamin an haɗa shi a 1962, furofofol kuwa sai wajejen 1986 ya samu karɓuwa. Da farko damuwar likitoci kar mutum ya farka ko ya wuce, ba wanda ke zancen tsatsa. Rebeca Gerschman ce a 1954 ta nuna gubar oksijin da ta hasken ekisire hanyarsu ɗaya, McCord da Fridovich suka gano aikin SOD a 1969, sunan da masana ke kiran tsatsar (oxidative stress) kuma Helmut Sies ya kafa shi a 1985.

Daga ina take fitowa

Wuƙar kanta tana da kaso babba, don yanka na tada kumburi. Sai dawowar jini: in za a gyara ƙashin ƙafa akan ɗaure cinya tamau da roba jini ya tsaya, to lokacin da aka kwance, oksijin ya afka ma naman da ya ji yunwa, nan ne ɓurɓushin ke tashi da yawa. Shi ya sa da wuya a ware laifin magani da na aiki.

Magungunan

Furofofol fari ne fat kamar madara a cikin sirinji, ƙirarshi ta yi kama da ta bitamin E, yana kama ɓurɓushin, kuma gwaje-gwaje da dama sun ga MDA ya fi ƙasa da shi. Halotan kusan kashi 20 cikin 100 hanta ke narkar da shi, isofuluran, wani maganin barci na shaƙa, bai kai kashi 1 ba, kuma da wannan yawan narkewar aka fi danganta ciwon hantar halotan. Abin mamaki isofuluran da sebofuluran na sakin ƴar tsatsa kaɗan wadda ke shirya zuciya ta jure ƙarancin jini. Ketamin, wanda ƙananan asibitocinmu suka fi dogara da shi tunda ba ya son na'ura mai yawa, bai cika danne numfashi ba.

Saɓani

Raguwar MDA ba ta nuna mutum zai riga wani tashi daga gado ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba wanda ake ma tiyata oksijin kashi 80 don rage ruɓewar rauni, aka yi ta gardama, a 2018 ta sassauta.

Masu larura

Mai sikila da mai ƙarancin G6PD (wani sinadari mai gadin ƙwayoyin jini), waɗanda ba su da wuyar samu a Maradi da kewaye, jajayen ƙwayoyin jininsu ba su jure tsatsa, sai a faɗa ma mai sa barci tun kafin ranar aiki.