Waiwaye: Yadda jini ya zama mai ba da labarin zuciyar da ta gaji

A asibitocin Yamai, idan aka kawo mutum ƙafafu a kumbure, yana haki, ba ya iya kwanciya sai an jingina shi da matashin kai biyu ko uku, likita yakan ce a ɗebi jini. 'Yan uwa sukan yi mamaki: ciwon na zuciya ne, me ya kawo jini? Amsar ta faro ne shekaru arba'in da 'yan kai da suka wuce.

A 1981, wani masani a Kanada, Adolfo de Bold, ya yi wa ɓeraye allurar ruwan da ya tatso daga naman zuciya, sai ya ga suna ta fitsari suna zubar da gishiri. Ashe zuciya ba famfo ba ce kawai, tana sakin sinadari idan ruwa ya yi mata yawa. A 1988 masu bincike a Japan suka gano ɗan'uwan wannan sinadari, BNP. Daga 2000 aka soma auna shi a jinin majinyata a asibitocin Amurka, kuma wani bincike na 2002 a kan majinyata fiye da 1,500 ya nuna cewa idan ya gaza 100, da wuya hakin ya zama daga zuciya.

Sai dai idan ciwon ya yi nisa, awo ɗaya ba ya wadatarwa. Ƙiba tana saukar da BNP, tsufa da ciwon ƙoda suna hawar da shi. Shi ya sa likitoci suka koma karanta sakamakon gwaje-gwajen a haɗe. Zuciyar da ta kasa tura jini takan ja ƙoda, sai kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya hau. Jiki ya riƙe ruwa, gishirin jini, wato sodiyom, ya tsinke ya faɗi ƙasa da 135. Jini ya cunkushe a hanta, bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, ya ƙaru. Ga ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, ga wani sinadari mai suna turoponin da ke tsiyaya kaɗan-kaɗan daga naman zuciya. Idan waɗannan suka taru a jikin mutum guda, likita ya san jinyar ta kai inda za a sake tsarin magani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Yamai ma tana da hannu a wannan tarihi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka zargi wankan ruwan zafi da kunun kanwa. A 1992, Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon awon jinin masu jego da ke fama da ciwon a nan Yamai, suka tarar sinadarin seleniyom ya yi ƙasa a jininsu idan aka gwada da na mata masu lafiya. Daga baya bincike a Kano ya sake cin karo da wannan ƙaranci.

Gwajin BNP yana da tsada ga talaka, balle wanda ya taso daga wani ƙauyen Tawa da kuɗin mota kawai. Amma awon kiriyatinin, sodiyom da yawan jini sun fi sauƙin samu. Mai shan maganin fitar da ruwa kullum, musamman a zafin watan Afrilu, ya kamata a riƙa duba masa su a kai a kai, a kuma adana tsoffin takardun sakamako, domin likita ya gwada na yau da na watan jiya.