Telomiya da Furotin Masu Gadinta

Telomiya ita ce bakin kuromosom, wato ƙarshen zaren gadon da ke cikin ƙwayar halitta. Ƙwayar jikin mutum tana da kuromosom 46, kowanne da baki biyu, baki 92 ke nan. A wannan baki haruffa shida ne na DNA (sinadarin da aka yi zaren da shi), wato TTAGGG, suke ta maimaituwa har sau dubbai. Masanin kimiyya Hermann Muller ne ya raɗa mata suna a 1938.

Wanda ya taɓa sayen igiyar roba a babbar kasuwar Katsina ya ga kwatancin abin. Mai igiya yana yankewa sai ya kyasta ashana ya ƙona bakin don kada ta warware. Sai dai ita telomiya raguwa take yi duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, domin injin kwafar DNA ba ya kaiwa ƙarshen zare. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayoyin mutum da ake reno a ɗakin bincike sukan rabu kamar sau 50, daga nan su cije.

An fi yin zancen tsawon telomiya, alhali masu gadinta ne ke riƙe da ragamar. Furotin shida ne, TRF1, TRF2, POT1, TIN2, TPP1 da RAP1, waɗanda Titia de Lange ta haɗa su a suna ɗaya, shelterin, a 2005. TRF2 yana taimakawa a lanƙwasa bakin zaren a cusa shi ciki kamar zarge, POT1 kuma ya lulluɓe silin DNA ɗaya da ya yi saura a bakin. Dalili kuwa, ƙwaya tana da ma'aikatan gyara da ba sa ganin bakin zare a sake su ƙyale shi. Ɗauka suke ya tsinke, sai su liƙa shi da wani kuromosom. Idan telomiya ta gajarce har masu gadi suka rasa wurin kamu, furotin p53 yakan sa ƙwayar ta daina rabuwa ko ta mutu. Ƙwayoyin da suka tsaya ba su mutu ba sukan taru a jiki yayin da shekaru ke ja, suna fitar da sinadaran kumburi.

Akwai kuma telomeras, wani sinadari mai ƙara wa bakin tsawo. Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano shi a 1984, kuma a 2009 suka raba kyautar Nobel da Jack Szostak. A jikin babba yawancin ƙwayoyi sun kashe shi, ban da irin na haihuwa da na ɓargo.

Cututtukan gado ne suka fi fito da tasirin a fili. A cutar dyskeratosis congenita, inda aka samu tangarɗa a TIN2 ko a sassan telomeras, farce kan lalace, fata ta yi dabbare-dabbare, cikin bakin mutum ya yi farin tabo, ɓargo ya kasa samar da jini, wani ma furfura tun yana saurayi. Irin wannan tangarɗa kan jawo ƙandarewar huhu ga manya.

Tsawon ma ba alheri ne zalla ba. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na cututtukan sankara suna sake kunna telomeras don su yi ta rabuwa ba iyaka, kuma iyalan da ke da tangarɗar POT1 telomiyarsu doguwa ce amma sankara ta fi kama su. Shi ya sa tallan magungunan "mayar da tsoho yaro" da ke yawo a Facebook ya kamata a yi masa kallon tsanaki. Maganin imetelstat, da Amurka ta amince da shi a 2024 don wata cutar ɓargo, toshe telomeras yake yi.