Kulle rautar Cisco da kalmar sirri ta layin umarni: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa kalmar sirri ɗaya ba ta wadatar da rauta?

Saboda rautar Cisco, wato na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, mai aiki da manhajar kamfanin da ake kira IOS, tana da ƙofa fiye da ɗaya, kuma kowace ƙofa da makullinta. Akwai ƙofar konsol, wadda ake jona mata waya kai tsaye daga kwamfuta, akwai kuma layukan vty da ake shiga ta cikinsu daga nesa. Bayan an shiga, akwai matakai biyu: matakin da ke nuna alamar `>`, inda mutum zai iya duba 'yan abubuwa kaɗan kawai, da matakin cikakken iko mai alamar `#`, wanda daga shi ne ake sauya duk tsarin na'urar. Wanda ya kulle konsol ya bar sauran a buɗe bai kammala aikinsa ba.

Ta ina ake farawa?

Ana jona wayar konsol, a buɗe manhaja irin su PuTTY, a saita gudun sadarwa a kan 9600. Sai a rubuta `enable`, sannan `configure terminal`, sannan `line console 0`. A nan ne ake rubuta `password` tare da kalmar da aka zaɓa, a biyo da `login`. Wannan umarni na ƙarshe shi ne masu koyo suka fi mantawa da shi, alhali idan babu shi rauta za ta riƙe kalmar amma ba za ta taɓa tambayar kowa ita ba.

Mene ne bambancin `enable password` da `enable secret`?

Dukansu biyu suna tsare matakin cikakken iko ne, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kalmar da aka sa da `enable password` tana zama a fili cikin tsarin na'urar, ta yadda duk wanda ya ga sakamakon `show running-config`, umarnin da ke nuna tsarin da na'urar ke aiki da shi, ko da a tsaye yake bayan mai aiki yana leƙen allo, zai karanta ta harafi bayan harafi. Ita kuwa `enable secret` tana rikiɗa kalmar zuwa jerin haruffa da lambobin da ba a iya juya su kai tsaye a koma ga asali. Idan aka sa duka biyun, rauta da `enable secret` take aiki, don haka ban ga wani dalilin barin ta farkon a cikin tsari ba; a goge ta da `no enable password`.

A nan ma akwai hawa-hawa. Lambar da ke bayyana bayan kalmar `secret` a cikin tsari ita ke nuna irin rikiɗar da aka yi. Lamba 5 tsohuwar hanyar MD5 ce, wadda kwamfutocin yanzu ke iya jarraba mata ɗimbin kalmomi cikin ƙanƙanin lokaci. Lamba 8 tana amfani da PBKDF2 tare da SHA-256, lamba 9 kuma da scrypt, kuma duka biyun sun fi wuyar fasawa nesa ba kusa ba. A shekarar 2022 hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta fitar da shawara cewa a riƙa amfani da lamba 8. Idan manhajar rautar ba tsohuwa ba ce sosai, ana samun ta da `enable algorithm-type sha256 secret`, a biyo da kalmar.

Shin `service password-encryption` ba ta magance matsalar kalmomin da ke fili?

Tana rufe su daga idon mai leƙe ne kawai. Rikiɗar da take yi, wato lamba 7, ana warware ta nan take da ƙananan manhajoji da ke barbaje a intanet. A kunna ta, amma kada a dogara da ita.

Yaya ake tsare shiga daga nesa?

Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa mai amfani da tasha (port) ta 23, yana aika kalmar sirri a fili a kan hanyar sadarwa, shi ya sa ya kamata a rufe shi a koma ga SSH mai tasha ta 22, wanda ke ɓoye abin da ake aikawa. Da farko a ba rauta suna da `hostname`, a sa sunan yanki da `ip domain-name`, a samar da makullin ɓoye bayanai da `crypto key generate rsa modulus 2048`, a kuma rubuta `ip ssh version 2`. Daga nan a buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa da `username`, sunansa, `secret` da kalmarsa, domin idan ɗaya ya bar aiki a goge nasa kaɗai. Sai a shiga `line vty 0 4`, wato layuka biyar, a rubuta `login local` da `transport input ssh`. Yana da kyau a ƙara `login block-for 120 attempts 3 within 60`, wanda ke hana shiga na daƙiƙa 120 idan aka yi kuskure sau 3 cikin daƙiƙa 60.

Me ya rage bayan an gama rubuta umarnin?

Gwaji da adanawa. Kafin a rufe tagar da ake aiki a cikinta, a buɗe wata sabuwa a gwada shiga da sabuwar kalmar, domin kuskuren harafi ɗaya kan sa mutum ya kulle kansa a waje, rautar kuwa tana iya kasancewa a wani gari. Idan komai ya yi daidai, a rubuta `copy running-config startup-config`. In ba haka ba, da zarar an ɗauke wuta na'urar ta sake tashi, duk abin da aka saita ya tafi.

Idan aka manta kalmar fa?

A yawancin rautocin IOS, mai riƙe da wayar konsol zai iya katse tashin na'urar ya shiga ROMMON, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da na'urar, ya sauya lambar rajista, wadda ke nuna yadda na'urar za ta tashi, zuwa 0x2142 domin ta tashi ba tare da karanta tsarin da aka adana ba. Wannan ne ya sa ake ajiye rauta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo ko ɗaki mai makulli. Bayan an shiga, a dawo da tsohon tsari da `copy startup-config running-config`, a sa sabuwar kalma, a sake kunna mahaɗan waya (interface) da suka kasance a kashe da `no shutdown`, a mayar da rajista zuwa 0x2102, sannan a adana.